Alhaji Muntaka da Allunan Zamiya

Duk wanda zai rubuta tarihin Hausawan Jidda da adalci, tilas ne ya ware babi guda domin Alhaji Muntaka Mai Fata, ko da zai taƙaita sauran littafin. Al'ummar ta fitar da malamai, ta fitar da direbobi da teloli da masu tsire waɗanda sunansu ya kai har Makka. Amma mutum ɗaya tak ta fitar wanda ya dubi garin da ake tsiyayar gumi wata goma sha ɗaya a shekara, ya gano cewa abin da mutanensa suka rasa shi ne hawan dutse a kan dusar ƙanƙara.

Shagonsa yana unguwar Hindawiyya, inda yake sayar wa alhazai jakunkuna da ɗamara da takalma. Sanin fata gadonsa ne tun kaka da kakanni, kamar yadda yakan bayyana wa duk wanda ya tsaya, ko da tambayar hanya ce ta tsayar da shi. Gaskiya ne ba a samu shaidar da ta taɓa ganin allura a hannunsa ba. Allurar tana hannun Kawu Bawa, tsohon badukun da ya shekara ashirin da biyu a ƙuryar shagon. Wannan bai rage wa Alhaji daraja ba, domin babban masani ba ya ɗinki, bayani yake yi.

A ƙarshen shekarar 1991 ya shiga kasuwar gwanjo. Majiyoyi sun saɓa a kan abin da ya kai shi. Mafi rinjaye sun ce fanka ya je nema. Can ya tarar da wani Bature injiniya da kwangilarsa ta ƙare yana rabuwa da kayansa, ciki har da dogayen alluna biyu masu lanƙwasasshen baki, da sanduna biyu, da takalma masu nauyin turmi. Baturen ya yi bayani da gurgun Larabci cewa allunan zamiya ne a kan duwatsu masu dusar ƙanƙara. Waɗannan ba na raggwaye ba ne da inji ke ɗauka zuwa ƙololuwa. Da ƙafarka za ka hau, dunduniya a sake, an manna zirin fata mai gashi a ƙarƙashin kowane allo domin ya hana ka zamewa. In ka kai sama ka ɓare fatar, ka ɗaure dunduniya, ka sulalo.

Daga duk wannan bayani kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Alhaji: fata. Ashe shekara da shekaru Turawa suna kiwo a gonarsa ba tare da sun yi sallama ba. Ya dawo gida ba fanka, alluna a kafaɗa.

A daidai lokacin kujerar shugaban Ƙungiyar Zumuncin Hausawan Hindawiyya ta zama babu kowa, mai ita ya bar Jidda ya koma ƙasarsu. Mutum biyu ke nema: Alhaji, da Malam Abdulghani, Bahaushen Sudan mai aiki a tashar jiragen ruwa. Abdulghani ba shi da wani abin a zo a gani. Iyakar abin da ya iya shi ne fito da takardun mamaci daga asibiti cikin yini guda, da sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa idan an kama wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne suka ruɗi jama'a har suka karkata gare shi.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar Alhaji ya miƙe a taro, allo ɗaya a kowane hannu.

“Ya jama'a! Har yaushe za a san mu da jana'iza da raɗin suna kaɗai? Kowace al'umma tana hawa, mu muna zaune muna rabon goro! A arewacin Tabuk akwai duwatsun da ƙanƙara ke rufewa da hunturu. Ni, Muntaka, zan hau da waɗannan, in kafa tutar ƙungiyar nan a inda tsuntsu ke tsayawa ya huta.”

Abdulghani ya ajiye kofin shayinsa.

“Ya Alhaji, kai da ke tsayawa sau biyu kafin ka kai bene na uku?”

“Tunani nake tsayawa yi, ba hutu ba.”

“Tayyib. In ka kafa tutar, wallahi na janye, kujera taka ce. In ba ka kafa ba fa?”

“In ban kafa ba, kada a sake jin sunana a takara har abada. Halas, an gama!”

Magatakarda ya rubuta, dattawa suka shaida, aka ɗage zaɓe sai bayan hunturu. Tun daga ranar matasan unguwa suka naɗa shi Garkuwan Ƙanƙara. Ya karɓi sarautar da tawali'u, ya sa aka rubuta ta a ƙofar shago.

Ya fara horo da tsari irin na masana. Da farko sabo da sanyi. Rafi'u, direban wani kamfanin kajin ƙanƙara, ya riƙa shigar da shi ɗakin sanyi kullum bayan azahar, ya zauna a kan kwali cikin jibgegiyar riga tsakanin dubban kaji marasa kai. A mako na biyu ya kai minti tara, ya fito da murar da ya kira shaidar kammala karatu. Sai horon tafiya. Yakan ɗaura allunan ya ratsa falon gidansa daga taga zuwa ƙofa, yana ɗaga ƙafa sama kamar mai tsallake kwata. Matarsa Hajiya Barakatu ta yi asarar tulun turare biyu da gilashin kabad, kuma tarihi bai adana kalmomin da ta yi amfani da su ba.

Saura fata. Ziraran Baturen sun riga sun lalace, zafin Jidda ya narkar da gam ɗinsu. Alhaji ya ɗaga su da yatsa biyu, ya jefa a shara, ya zaɓo jar fatar akuya mai gajeren gashi, ya shimfiɗa a gaban Kawu Bawa.

“Kawu, yanka min ziri biyu. Bakin gashin ya fuskanci gaba.”

Tsohon ya shafa fatar sau biyu, ya ɗago.

“Alhaji, shafi akuya daga wuya zuwa wutsiya, hannunka zai tafi sumul. Dawo da shi, zai tirje. Kai kana so ka tafi gaba sumul, ka tirje in za ka koma baya. To gashi baya zai kwanta.”

“Baya! Kawu, dutsen yana gabana ne ko yana bayana?”

“Yana gabanka.”

“To me gashi zai kama a baya? Gaba zai duba, ya cafki dutsen tun kafin in iso. Kayan shugaba ba sa waiwaye.”

“Na Baturen ma baya suka kwanta, na duba kafin ka zubar.”

“Shi ya sa kwangilarsa ta ƙare.”

Kawu Bawa ya jawo wuƙa. “Fatarka ce, Alhaji, ƙafarka ce kuma.” Ya yi aikin da kyau ƙwarai, domin bai iya mummunan aiki ba. Ya ba da shawarar a gwada a tudun rairayi a bayan gari. Alhaji ya ce ba a gwada ilmi a kan yashi.

A watan Fabrairu labari ya zo cewa ƙanƙara ta sauka a arewa. Kafilin Alhaji, Balaraben da ya tsaya masa a zaman ƙasar, ya sa hannu a takardar izinin tafiya, bayan ya sa an maimaita masa dalilin tafiyar sau uku, ya kuma kira ɗan'uwansa ya zo ya ji. Rafi'u ya ɗauki hutu, ya aro mota da kyamara. Kawu Bawa ya ce zai bi su saboda gam, ko zai saki. Aka yi rakiya har bakin titi, Alhaji yana ɗaga wa jama'a sanda ta taga.

Bayan tafiyar fiye da kilomita dubu suka iso. Dutsen ya yi fari fat, iyalai daga Tabuk sun yi cincirindo a gindinsa suna jifan juna da dusar ƙanƙara suna dafa gahawa. Alhaji bai ga dacewar ya fara daga cikin 'yan kallo ba. Ya sa Rafi'u ya bi wata hanyar makiyaya da mota, suka yi ta hawa har inda taya ta ƙi ci gaba, wajen rabin dutsen. Nan ya sauko, ya ɗaura alluna, ya soke tuta a bayan riga, ya fuskanci ƙololuwa.

“Rafi'u, shirya kyamara. Jikokinka za su tambaye ka inda kake a yau. Yalla, bismillah!”

Ya tura ƙafar dama. Ta ƙi tafiya. Gashin ya cafki dutsen kamar yadda aka umarce shi. Ya tura ta hagu, ita ma haka. Sai ya koma salon falo, ya ɗaga ƙafa sama ya dire. Shaidu biyu sun yi ittifaƙi cewa ya yi taku bakwai, kowane da kabbara. A na takwas gangaren ya ƙaru, nauyin Garkuwan Ƙanƙara ya koma kan dunduniya, fatar akuya kuwa ta yi abin da aka halicce ta a kai. Ta tafi sumul.

Ya wuce Rafi'u da baya, fuskarsa na kallon ƙololuwa. Ya wuce motar. Ya wuce Kawu Bawa, wanda ya matsa gefe cikin ladabi ya ce, “Sannu, Alhaji.” Dole a yi masa adalci a nan: bai faɗi ba. Tsoro ya sandarar da shi a tsaye, sanduna a sama, tuta na kaɗawa, yana ƙanƙancewa a idon abokan tafiyarsa yana kiran sunayen waliyyai bi da bi. Iyalan Tabuk suka ga mutum yana saukowa daga sama da baya, suka dare, suka yi ta tafi, a zatonsu gwaninta ce. Wani tarin dusa kusa da tukunyar gahawar wani dattijo ne ya karɓe shi. Dattijon ya taimaka aka zaro shi, ya miƙa masa finjali, ya tambaye shi ko zai sake, domin ƙaramar matarsa ba ta gani ba.

Gam ɗin bai saki ba ko kaɗan.

Juma'ar da ta biyo bayan dawowarsu aka cika taro fiye da ranar Salla. Alhaji ya miƙe da sanda, wannan karon ta dogarawa.

“Ya jama'a, wanda bai je ba ba zai gane ba. Hawan dutse kashi biyu ne, hawa da sauka, kuma masana sun tabbatar sauka ta fi haɗari. Ni na fara da mai wuyar. Larabawa da kansu sun tafa min. A tambayi Rafi'u!”

“Sun tafa,” in ji Rafi'u. “Har da guɗa.”

“To tutar fa, ya Alhaji?” Abdulghani ya tambaya a hankali.

Tutar tana cikin aljihunsa, a ninke. Aka kaɗa ƙuri'a ta ɗaga hannu, ba a ma wahalar da kowa da ƙirge ba. Sabon shugaba Abdulghani, mutum mai karamci, ya ce bai kamata irin wannan tafiya ta wuce ba a rubuta ta a littafin ƙungiya ba, ya nemi Kawu Bawa, a matsayinsa na babba cikin shaidu, ya faɗi yadda za a sa. Alhaji ya gyara zama, ya ɗaga haɓa.

Tsohon ya yi ɗan tunani, ya ce da magatakarda: “Rubuta cewa Alhaji Muntaka ne Bahaushe na farko da ya sauko daga dutsen da bai hau ba.”