Ranar da Dakta Saura-Ƙiris Ya Karɓi Jinyar Surukinsa

"Ni da na shekara tara a asibiti, munshari ne zai gagare ni? Kwana uku ya yi yawa."

Dakta Saura-Ƙiris ke nan a falon surukinsa, yana gyara wuyan riga. Bari in gaya maka gaskiya tun da wuri: shekara taran nan, keken marasa lafiya yake turawa. Amma a gidan surukai ya bari ana kiransa Dakta, ya kuma ja kunnen matarsa kada ta kuskura ta tona. Ya fi tsoron fitar zancen nan a kan mutuwa.

Surukin nasa kuwa numfashinsa ne ke ɗaukewa cikin barci, ya yi shiru kamar ya tafi, sannan ya zabura. Ga annobar mura mai sarƙe ƙirji ta sa an hana zuwa sashen gashin ƙashi, sai likitar sashen ta turo wa 'yarsa, matar Dakta, umarni ta waya: a ɗinka ƙaramar ƙwallo a bayan rigarsa don kada ya kwanta rigingine, ya riƙa motsa harshe, na'urar da ke hura masa iska kuma kada kowa ya taɓa abin hancinta, ya kwana shi kaɗai, taga a buɗe.

Gogan naka ya karanta ya taɓe baki. "Ƙaramar ƙwallo? Aikin 'yan koyo."

Ya samo ƙwallon ƙafa ya ɗinke a bayan rigar tsoho. Bawan Allah ya zo barcin rana, ya jingina, ƙwallo ta mirgina da shi sai ƙasa.

"Haka ake so, Baba," in ji shi. "Jini ya motsa."

Motsa harshe kuwa, a bakin taga ya tsayar da shi wai don haske. Kafin la'asar maƙwabciya ta shigo tana huci, tana tambayar laifin da ta yi wa dattijo da yake mata gwalo tun ɗazu.

Sai ya rufe tagar ruf, wai kada iskar na'ura ta gudu. Ya fizge abin hancin daga hannun tsoho ya ƙwama a fuskarsa. "Kalli yadda ƙwararru ke yi." Yana cikin zuƙa, tsoho ya ɓarke da tari, jikinsa zafi rau.

Hankalin 'yar ya tashi, ta kira likitar ta bidiyo. Dakta ya nemi ƙofa, amma igiyar na'ura ta riƙe shi ta kai.

"Baba, sannu. Za a zo a gwada ku," in ji likitar. "Wane ne wancan sanye da abin hancinka? Shi ma ba fita, kwana goma, ɗaki ɗaya da kai."

"Surukina ne, likita ne a wajenku."

"Cire mu gani." Ya cire a hankali. "Au, mai kekenmu ne. Kai da ka ce mana kana gida kana jinyar ciwon baya?"

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa, ya shafa ƙugunsa da ya bugu.

"Alhamdu lillahi, ashe dai akwai abin da ka iya," ya ce. "Matso da kujerar nan mai taya, tura ni banɗaki."