Yatsan da Fartanya Ba Ta Ci Ba

"Lafiya lau, angona. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, amarya. Ya gyare min gonar tas, ko kara bai bari ba."

A wani ajin makaranta ake rajistar manoman da ambaliya ta cinye wa gonaki, kuma ranar ce ta ƙarshe. Duk wanda na'ura ba ta ɗauki zanen yatsansa ba, shi da tallafin gwamnati sai dai labari. Tsohon nan kuwa da tallafin yake sa ran sayen irin da zai sake shukawa, don ko ƙwaya ba ta rage masa ba. Sai ga shi ma'aikaciyar da ke riƙe da na'urar jikarsa ce, wadda ba su taɓa haɗuwa sun rabu lafiya ba.

"Ɗora babban yatsa nan," in ji ta.

Ya ɗora. Na'ura ta kawo jar wuta.

"Ka gani? Ta ce ba ta san ka ba."

"Yaushe aka haife ta da za ta san ni? Takalmin ƙafata ma ya girme ta."

"Yatsan ne sumul kamar tsakiyar kanka. Ina ka kai zanen?"

"Yana jikin ƙotar fartanya. Shekara hamsin ina noma abin da kike ci, acici. Rabin zanen nan yana cikinki."

"Ni? Loma nawa na ci a gidanka, marowaci?"

"Ke da ake ɓoye tukunya in an ji sallamarki!"

Layi ya kwashe da dariya. Ta goga masa man shafawa, ya sake ɗorawa. Ja. Suka gwada manuni, suka gwada na tsakiya, suka koma hannun hagu, duk kanwar ja ce. Tsoho ya buɗe tafin hannunsa yana kallo. Nan fa gabanta ya faɗi, domin tun tasowarta ba ta taɓa ganin bakin mutumin nan ya mutu ba.

"To," ya ce a hankali, "bari in ba na baya wuri."

"Zauna! Wa ya sallame ka? In ka tafi hannu biyu wa zai ciyar da ni bana? Miƙo ƙaramin."

"Wannan malalacin? Bai taɓa yin aikin komai ba."

"Ya gaji mai shi."

Ta kama ƙaramin yatsansa na dama, ta danna a kan gilashin. Na'ura ta yi ɗan jim, sai ga koriyar wuta.

"Ta karɓa! Ashe duk jikinka wanda bai yi noma ba shi ne mai amfani!"

"Ke kika hana shi noman," in ji tsoho. "Tun kina tatata shi kike riƙewa in za mu gona. In na ƙwace, ihu har maƙwabta su fito. Da yatsu tara na yi noma, wannan naki ne."

Ta sunkuyar da kai tana dariya, tana share ido da bakin mayafi.

"Ka ci wannan, tsoho. Amma buhun farko nawa ne, kuɗin ajiyar yatsa."

"Na ji. Yanzu sake min shi, mutane na jira."