Yadda Na Zama Kwatano

Abokin aikina Isufu ne ya kashe mini suna a Konni. Da aka kawo kwamfuta buronmu, wato ofishinmu na sufuri, mai gida ya ce wanda ya iya ta shi zai riƙe ta. Na gyara hula. Wani masani da ya zo daga Yamai don ya gwada mu ya tambaya, "Wasiƙar kwamfuta ta wane por take fita?"

Ni por ɗin da na sani shi ne tashar jirgin ruwa, sai na ce, "Kwatano mana! Duk kayanmu can suke bi."

Isufu ya buga layi guda na Perl, wani yaren kwamfuta, lamba ta fito: ashirin da biyar. Ashe ƙofa ce cikin injin, ba tashar jirgin ruwa ba. Ya samu kujerar riƙe kwamfutar, ya kuma kai labarin tasha. Yau har matata Kwatano take kirana.

Na tare shi na ce, "Isufu, ko gawata aka ɗauko, cewa za a yi Kwatano ya rasu. Allah ya isa."