Minti Ukun da Gaisuwa Ta Cinye

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kashe mini mikro a gaban matan duniya ba.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Gure, kuma 'yar sa-kai a wata ƙaramar ƙungiyar mata. Damuwarmu guda ce. 'Yan matan makiyaya daga ƙauyukan Kelle da Bune sukan ci jarrabawa su samu shiga lise, wato babbar sakandare, a Gure, amma in sun zo ba su da masauki. Wata biyu, uku, sai yarinya ta tattara littattafanta ta koma bin awaki. Gidan kwana muke nema musu, kuma mun yi ta yawon buro-buro, ofis bayan ofis, har takalmanmu suka gaji.

Sai ga gayyata zuwa wani babban taron ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mata, aka ce ni zan je (wai na fi kowa baki). Takardar ta ce minti uku za a ba ni. Na rubuta jawabina da Faransanci, na yi ta maimaita shi a tsakar gida da agogo a hannu, har maigidana ya haddace shi ba da son ransa ba. Minti uku cif. Ranar tafiya, shugabarmu Ya Falmata ta riƙe hannuna a tasha ta ce, "'Yata, idon yaran nan na kanki. Kuma kar ki je ki nuna musu ba mu da tarbiyya."

Ga inda na yi wautar. A wurinmu gaisuwa ba ta cikin magana. Sai an gaisa an gama, sannan a ce to, ga abin da ya kawo ni. Ni a lissafina, agogonsu ma zai jira.

Da aka kira ni, na hau mumbari cikin lafayata sabuwa, ina ji da kaina. Na gaida shugabar zaman. Na gaida manyan da ke teburi ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi jama'a gajiyar hanya, da yadda suka baro gida, da yara, da masu jiki. Na isar da gaisuwar Ya Falmata, da ta matan Kelle, da ta matan Bune, don kar wata ta ji an bar ta. Akwai wata 'yar fitila a gabana da ta tashi daga kore ta koma rawaya (wallahi na ɗauka ado ne). Na hango masu fassara cikin ɗakinsu na gilashi, ɗaya ya dafe kai.

Na gyara murya na ce, "To, abin da ya kawo ni..." Fitila ta yi ja. Mikro ya mutu.

"Mun gode, Madam," in ji shugabar. "Mai bi."

Na yi tsaye da takarda a hannu, ban karanta ko layi ɗaya ba. Wasu na dariya ƙasa-ƙasa. Kunya ta rufe ni, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran. Kwana biyu a mota zuwa Yamai, ga jirgi, duk don in zo in tambayi Turawa ya gajiya!

Mai bi ɗin wata dattijuwa ce daga wata ƙasar Asiya, 'yar ƙarama mai furfura. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta yi magana da harshenta, fassarar na shigo mini ta abin kunne.

"Kwanana uku a nan, ba wanda ya tambaye ni yadda na baro gida sai wannan matar. Na baro mijina a asibiti. Na ba ta lokacina, ta faɗi abin da ya kawo ta."

Aka sake kunna mikro. Ni kuwa ban ko ce mata na gode ba, don na ga abin da ladabi ya ja mini. Na faɗa cikin jawabi kamar ana korata. Na ba su labarin yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajinta, wadda yanzu take jan guga a rijiya. Na gama fitila na kore, aka tashi tsaye ana tafi. Da aka fita shan shayi, mata suka yi mini layi, kowace sai ta fara da, "Ya kika baro gida?" tana dariya, sannan ta miƙo katinta.

Biyu daga cikin masu katin nan ba su manta da mu ba. Yau gidan yana nan, ɗaki huɗu da famfo, kuma mai lissafin nan ita ta fara ajiye akwatinta a ciki.

An sake gayyata ta sau biyu tun daga nan. Yanzu in na hau mumbari, sallama ɗaya nake yi in shiga magana. Duk mai son in tambaye shi lafiyar iyalinsa, ya same ni wajen shayi.