Gawar da Ba Ta Daina Tik-Tik Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da na kasa haɗiyewa, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar 'Yar Ɗigo, na'urar da ke ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato kulorin dayoksaid, cikin ruwan da nake ba tumatir a rumfar leda.

Marigayiya ta zo hannuna sabuwa fil. A zamaninta ruwan tanki garau yake, bututu ba ya yauƙi, saiwar tumatir fara tas. Ba ta da ci, ba ta da mita. Magana ɗaya ta sani a duniya: tik, tik, tik. Saboda wannan tik-tik na daina gwada ruwa. Duk sanda uwar 'ya'yana ta yi ƙorafin ruwa ya canza wari, sai in nuna mata kunnena, in ce ta saurari tik-tik.

Ashe 'yar robar da ke cikinta ta daɗe da tsagewa. Iska take zuƙa, iska take tofarwa. Magani na nan a jarkarsa bayan tanki, ko ɗigo bai ragu ba, ita kuwa tana ta tik-tik kamar mutuniyar kirki. Tumatir ya fara yaushi, na ɗora wa rana laifi. Ganye ya yi rawaya, na je na wanke mai sayar da iri tas a gaban mutane. Sai da na tuge tushe ɗaya na ga saiwa ta ruɓe, sannan na kira mai gyara, ya buɗe cikin 'Yar Ɗigo ya girgiza kai. Da ta yi shiru ranar da ta cika, kamar kowace gawa mai mutunci, da na ceci amfanina. Wallahi ta ci amanata.

Ta rasu ta bar tanki mai gansakuka, da bututai a toshe, da 'yan layukan tumatir na bakin ƙofa rai a hannun Allah, da maigida da ya kasa haɗa ido da matarsa. Halinta ya bi ta.

Za a binne ta gobe da hantsi a bayan rumfa, rami ɗaya da shukar da ta kashe. Masu zuwa gaisuwa su taho da bokiti da soso, akwai wankin tanki. Alfarma ɗaya nake roƙo: kada kowa ya jona ta da wuta don ban kwana. Har yanzu bakinta yana aiki, ni kuma na san halina, sai in sake yarda da ita.