Ranar Da Na Koya Wa Manjo Dokar Bariki

Ba zan taɓa mantawa da yinin sunan 'yar ƙanina Sani ba, ko da na so in manta, don har yau in na shiga gidanmu na Ƙofar Doka sai wata ta ƙame ta sara mini, a kwashe da dariya.

Matar Sani, Rabi, soja ce, kofur, tana aikin jinya a asibitin bariki. Ni kuwa ina da 'yar makarantar kuɗi a Tudun Jukun, aji shida da malamai tara, abin da ya sa nake jin babu abin da ban sani ba a duniya. (Bariki dai ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba.)

Ranar na sha leshi, na kafa ɗauri, na shiga ɗakin mai jego ina baza turare. Ɗaki cike da mata, ana ta miƙon waina da zoɓo. Na zauna kusa da wata 'yar siririyar mata mai hijabi ruwan toka, tana riƙe da jaririyar. Kallo ɗaya na yi mata na yanke cewa dangin Rabi ce daga ƙauye. Ko gaisuwar kirki ban yi mata ba.

Sai Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta tambayi Rabi yaushe za ta koma aiki. Kafin yarinya ta buɗe baki na karɓe zancen.

"Ai Gwaggo, soja ba ta da jego. Ko arba'in ba za su bari ta yi ba, albashin ma yanke shi za su yi. Manyan nan nasu ba su da imani."

Rabi ta ce, "Yaya, ai..." tana ta ƙifta mini ido. Na ɗauka tsoro ne, sai na ƙara ɗaga murya.

"Ke yi shiru, ni ba na tsoron kaki! An ce ma shugabar taku mace ce. Irinsu ai ba su san zafin naƙuda ba. Ba ni sunanta in rubuta mata takarda da Turancin da sai ta nemi ƙamus."

Mai hijabin nan ta gyara wa jaririya hula, ta dube ni da murmushi.

"Hajiya, ba sai kin wahala da takarda ba, ga ni. Sunana Manjo Hadiza. 'Ya'yana huɗu, biyu sai da aka yi mini aiki. Ni na sa hannu a takardar hutun Rabi, cikakke, kuma ba mai taɓa albashinta."

Wainar da ke bakina ta ƙi gaba ta ƙi baya. Da a nan Manjo ta tsaya, da na gode Allah. Amma sai ta ci gaba, cikin ladabin da ya fi mari zafi:

"Na ji an ce kina da makaranta. Ke wata nawa kike ba malamanki in sun haihu? Wataƙila mu koya a wurinki."

Na fara in-ina. "To, ai mu... ya danganta da..."

"Sati uku ne, ranki ya daɗe. Kuma ba albashi."

Daga bakin ƙofa muryar ta fito. Malama Asabe ce, malamar aji uku a makarantata, da goyon ɗan wata biyu a baya da tiren abinci a hannu. (Ni da kaina na kira ta ta taya mu rabo, ranar hutunta.)

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "La'ilaha illallahu! Ashe marasa imanin a Tudun Jukun suke!"

Ban san yadda na fita ba. Takalmin wata na saka, sai a cikin Keke Napep na lura ƙafa ɗaya ja ce, ɗaya baƙa.

Ranar Litinin na tara malamai na sanar da hutun haihuwa wata uku da albashi, ina magana kamar tunanin ya daɗe a raina. Ba wadda ta tafa. Asabe dai ta ce, "Allah ya saka wa Manjo."

Yanzu in zan yi wa mutane wa'azin tausayi, sai na fara leƙa ɗakin na tabbatar babu ma'aikaciyata a ciki.