Ranar da Na Yanke wa Littafin Tattabara Hukunci

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a wata firamare da ke yankin Tarai ba, ko da ina so in manta kuwa, don har yau akwai masu tuna mini. A lokacin ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba aka tura ni can koyarwa. Kullum daga Rano nake tasowa a kan tsohon babur ɗin yayana, in isa makaranta ƙafar wando duk jar ƙasa, kai kuma cike da ilmi, ko dai abin da nake zaton ilmi ne. Na karanta 'yan littattafai kan yadda ake koyar da yara, saboda haka a ganina duk wanda bai karanta su ba a duhu yake zaune. (Allah Ya yafe mana ƙuruciya.)

Abin da ya dame ni tun zuwana shi ne 'yan ajina, aji uku, ba su taɓa riƙe littafi don jin daɗi ba. Littafi a wurinsu abu ne da ake dukan mutum a kansa. Wata rana na zo da wani ɗan littafin hotuna na ƙanwata na buɗe musu, sai ga ajin da ba ya shiru sai da bulala ya yi tsit, har waɗanda ba su iya haɗa baƙi biyu ba suna gardamar abin da zai faru a shafi na gaba. Daga ranar na ƙudiri aniyar sai na buɗe musu ɗan ɗakin karatu. Akwai wani sito a bayan ofis da babu komai cikinsa sai karyayyun bencina da gidan rina, shi na roƙi hedimasta ya ba ni.

Hedimastanmu, Malam Garba, mutum ne mai gudun magana. Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, ga siyasa ta dawo kowa ya sami bakin magana, a rediyo kuma ba a kwana biyu ba a yi zancen littattafan da ke ɓata tarbiyyar yara ba. Ya ce zai ba ni siton, har ma zai sa a yi cigiya a gari duk mai littafin yara a gida ya kawo. Amma fa ko shafi ɗaya ba zai shiga hannun yaro ba sai kwamitin iyaye ya amince. Aikina shi ne in duba kowane littafi, in rubuta abin da ke ciki da ra'ayina a kansa, in karanta a gaban kwamiti. In sun yarda, falillahil hamdu. In sun ƙi, rina su ci gaba da zamansu.

Shugaban kwamitin shi ne Malam Isyaku, dattijo mai makarantar allo, wanda manya ma ke ɗaukar karatun littattafai a zaurensa. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, amma ni na riga na gama karanta shi. Na ga farin gemu, na ga ba ya yawan dariya, sai na yanke cewa da ya ga zanen mutum ko dabba zai ce a kai kwalin bola. Ban tambayi kowa ba, ni da zuciyata muka zauna muka yanke.

Sai na ƙulla dabara. Na ce in har na zo ina yabon kowane littafi, za su ce ɗan boko ne, komai ya gani halal ne a wurinsa. Dole in sami guda ɗaya da zan yi wa kaca-kaca a gabansu, su ga ni ma ina da kishin tarbiyya, sai su sakar mini sauran. Wato dai rago nake nema na yanka.

Cikin mako biyu aka tara kwali guda. Wasu na Hausa, wasu na Turanci, wasu irin masu zane gida-gida da magana na fitowa daga bakin mutane. Duk na duba, ban ga abin kushewa ba, har na fara damuwa. Can ƙasan kwalin sai na ci karo da wani da bangonsa ya daɗe da cirewa, an sa shi tsakanin ɓallen kwalin sukari biyu an ɗinke da zare. Babu suna, babu rubutu ko layi ɗaya, kowane shafi hoto guda ne. Na buɗe shi yadda nake buɗe kowane littafin makaranta, na fara kallo.

Hoton farko, tattabara ce tana shawagi a sama cikin walwala, ga wani yaro a ƙasa ya ɗaga hannuwa yana washe baki. Na gaba, ta shiga hannunsa. Na gaba, ya sa ta a keji. Sai ga shi ya ɗaure mata fiffike da tsumma. Da na ƙara gaba, an kwance tsumman, fiffike ya karye yana reto. Daga ƙarshe ga ta yashe a gindin bishiya, ga yaron can gefen hanya da jakarsa, ko a jikinsa. Wallahi murna ce ta kama ni. Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na zauna na cika takarda biyu da sharhi, har da ayar tambaya uku a jere a wani wurin. Kwana uku ina bitar jawabin a kan babur, ina ɗaga hannu ɗaya, har wani mai amalanke ya zaci gaishe shi nake.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar makaranta. Dattawa kusan goma suka zauna, Malam Isyaku a tsakiya, kusa da shi wani Alhaji Bawa, babban manomin gyaɗa, mutum mai fara'a. Na fara da littattafan da nake so a amince da su. Na ce wannan yana koya ƙirga, wannan tsafta, wancan kuma labarin zumunci ne. Suna saurare, fuskokinsu ba yabo ba fallasa. Sai na ce a raina, to, lokacin yanka ya yi.

Na ɗaga littafin sama na gyara murya. Na ce akwai guda ɗaya da ni, a matsayina na malami kuma Musulmi, ba zan taɓa yarda ya kusanci 'ya'yanmu ba. Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu. Na ce ga yaro ya kama halittar Allah tana zaman zamanta, ya tsare ta, ya karya ta, ya jefar, kuma babu ko babba ɗaya da ya tsawata masa. Na kawo zancen hakkin dabbobi a addini. Na ce duk wanda ya zana wannan ba ya nufin yaranmu da alheri, wanda ya kawo shi makaranta kuma ya kamata ya riƙa duba abin da yake shigarwa gidansa. (Wannan jimlar ta ƙarshe ba ta cikin takardata. Daɗin baki ne ya ɗebe ni.) Na lura Alhaji Bawa yana ta gyara zama yana sosa ƙeya, na ɗauka jawabin ne ke ratsa shi.

Malam Isyaku ya miƙo hannu. Na durƙusa na ba shi littafin. Ya ciro tabarau, ya yi bismilla, ya juya littafin ya buɗe shi ta dama, yadda yake buɗe duk wani littafi da ya taɓa riƙewa a rayuwarsa.

Da a ce na yi shiru a nan, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma ina, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na ɗan sunkuya, cikin ladabi irin na mai taimakon tsoho, da muryar da kowa ya ji, na ce, "Allah gafarta Malam, ta baya ka buɗe."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da buɗe shafi a hankali, na kusa da shi suna leƙawa. Sai na ji yana ba su labari ƙasa-ƙasa. Ga yaro yana tafe a hanya. Ga shi ya hango tattabara a gindin bishiya fiffike a karye. Ya ɗauka, ya ɗaure mata. Ya sa ta a keji yana ba ta ruwa da tsaba. Ga ta ta warke. Ga shi ya sake ta, ta tashi sama, yana murna. Kowane hoto da ya ambata na san shi, ni na gama nuna shi yanzun nan, amma sai na ji kamar wani littafin daban aka sauya mini.

Sai ya yafito ni, ya ɗora yatsa a ƙasan shafin da ya fara da shi, ya ce, "Ɗana, ka yi makarantar allo ko?"

Na ce na yi.

"To karanta mini wannan."

Wata 'yar lamba ce ƙarama, ta Larabci, a kusurwa. Na ga irin lambobin nan tun a gida, amma na ɗauka ado ne, don ba su nake nema ba. Na ce, "Ɗaya."

Ya juya zuwa inda ni na fara. "Wannan fa?"

"Ashirin da huɗu."

Ya rufe littafin ya cire tabarau. Ni da na yi shekara bakwai ina wanke allo, ni da kullum nake buɗe Alƙur'ani ta dama, hannuna ya saba da boko har ya manta akwai littafin da ba ya farawa ta hagu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe da saura. Alhaji Bawa ya yi gyaran murya ya ce, shi ne ya kawo littafin. A Madina ya saye shi shekarar da ya je aikin hajji, tsarabar jikoki, kuma ya zaɓe shi ne don babu rubutu, tunda shi ba Larabci ba boko. Ya ce jikokin ne suka cinye bangon, Hajiyarsa ta ɗinke. Ya ƙara da cewa bayan sun kalle shi har sun daina harbin tsuntsu da danƙo, na kwana biyu dai. Nan fa dariyar da ake ta dannewa ta ɓalle. Malam Garba ya kau da kai yana kallon katanga, kafaɗunsa na rawa. Wani daga baya ya tambaya, wai a wannan zamani na Shari'a mene ne hukuncin wanda ya yi wa littafi sharri. Malam Isyaku ya ce an riga an zartar, a dubi fuskata.

Ni kuwa ba dariyar ce ta fi damuna ba. Yaran nake tunawa. Na riga na faɗa musu za a buɗe ɗaki, wasu har sun share siton sun kori rinan, ɗaya ma ya sha harbi a kunne. Yanzu wa zai amince da zaɓin mutumin da bai san gaban littafi da bayansa ba? Na ninke takardata na cusa a aljihu. Na ba Alhaji Bawa haƙuri, sannan na faɗi gaskiya, tunda ba abin da ya rage mini sai ita. Na ce tsoro nake kada su hana, shi ya sa na nemi littafin da zan kushe don in burge su. Na roƙe su, in za a hukunta wauta a hukunta tawa, kada ta shafi yara.

Malam Isyaku ya ce a jawo kwalin. Aka rarraba littattafan a kan tabarma, kowa ya ɗauki ɗaya. Abin da ya biyo baya ban taɓa zato ba. Cikin 'yan mintoci dattawan nan suka nutse. Biyu suka haɗa kai a kan wani mai zane gida-gida, suna gardamar ko makiyayin da ke ciki zai ga ɗan maraƙinsa da ya ɓace. Ɗaya ya ce a buɗe gaba, ɗaya ya ce a dakata bai gama kallo ba. Har aka kusa azahar ba wanda ya tuna da ni, abin da ya yi mini daɗi ƙwarai.

Da aka natsu, Malam ya yi magana a taƙaice. Ya ce zancen hoto malamai sun yi bayanai a kansa, amma abin da aka yi don koyar da yaro, ba don girmamawa ba, shi bai ga abin hanawa ba. Ya ware littafi ɗaya tak, saboda shigar wata mata da ke ciki, wanda ni ban ma lura da shi ba. Sauran ya ce a buɗe ɗaki. Sai ya dube ni ya ce, "Da ka zo zaure ka tambaye ni tun farko, da ka huta. Daga yau duk littafin da ya zo, mu duba tare. Kai ka buɗe ta wajenka, ni in buɗe ta wajena, in mun haɗu a tsakiya lafiya sai a ba yara."

Haka kuwa aka yi. Shekara shida ina kai masa littattafai zaure, kuma sau da yawa shi ke roƙon a bar masa wani ya kwana biyu, wai zai ƙara nazari. (Jikokinsa sun tona mini asirin nazarin.) Ɗakin nan yana nan har yanzu, an ma fasa bango an ƙara shi, wata daga cikin 'yan ajin nan nawa ce ke kula da shi. Sunan da aka laƙa mini a ranar, Malam Mai Tattabara, shi ma yana nan, har katin ɗaurin aure an taɓa aiko mini da shi.

Har gobe ina duba littattafan yara ina ba iyaye shawara, wai ana ganina masani. Amma tun daga ranar, kafin in buɗe baki a kan littafi ko a kan mutum, sai na fara laluben inda shafi na ɗaya yake. In kuwa na ga tsoho ya buɗe littafi ta inda ban zata ba, bakina nake kamawa in matsa kusa in ga abin da ya gani.